Mai gyaran jikin mota zai iya komawa gyaran jikin ƙaramin jirgin sama?

Sani_Fanalbita:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyan da ke wannan zaure. Sana'ata gyaran jikin mota ce: miƙe ƙarfe, walda, shafa fila, fenti. Hannuna ya faɗa a kai, alhamdu lillahi. Yanzu zuciyata ta karkata ga gyaran jikin ƙananan jiragen sama, irin masu ɗaukar mutum biyu zuwa shida ɗin nan da ake koyon tuƙi da su. Ba ruwana da inji, jikin nake so, wato fukafukai da gangar jiki da wutsiya. Shin dole sai na koma aji, ko zan iya bin wani maigida a rumfar jirage in koya yadda na koyi ta mota? Ni dai a ganina ƙarfe ƙarfe ne. Wanda ya iya miƙe ƙofar mota ai ba zai kasa miƙe fiffike ba.

Dan_Hanga:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, wannan "ƙarfe ƙarfe ne" ɗin ka ajiye ta a bakin ƙofa kafin ka shigo rumfa, don kar a kore ka tun ranar farko.

Baba_Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sha'awarka mai kyau ce, kuma hannun da ya saba da guduma ba abin rainawa ba ne. Sai dai abubuwan da ka lissafa, miƙewa da walda da fila, su ne za a fara hana ka a jikin jirgi. Yawancin ƙananan jirage, irin su Cessna 172, fatarsu alminiyam ce da ake kira 2024-T3. Kaurinta sau da yawa 0.025 ko 0.032 na inci ne, ko milimita ɗaya bai cika ba. An gauraya shi da jan ƙarfe, an gasa shi a masana'anta ta hanya ta musamman don ya yi ƙarfi. Ka kai masa wutar walda, ƙarfin nan ya tafi, wurin kuma ya tsage. Ka bubbuge shi da guduma don ka miƙe lanƙwasa, sai ya ƙara tauri, ya fara tsagar da ido ba ya gani. Ka shafe da fila, ka ɓoye wa wanda zai duba bayanka ɓarnar da ke ƙasa.

Shi ya sa mu yankewa muke yi. A cire wurin da ya lalace, a zagaye kusurwoyin ramin don kar tsaga ta samu mafari, a kawo faci na irin wannan ƙarfen, a ɗinke da ribit, wato ƙusar da ake buga ƙarshenta ya baje ya riƙe faranti biyu. A mota in wuri ya yi sumul, aiki ya ƙare. A jirgi fatar ita kanta tana ɗaukar nauyi tare da haƙarƙarin da ke cikinta, saboda haka abin da ake tambaya shi ne ko ƙarfin wurin ya dawo yadda yake.

Mai_Walda77:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma kar a karya wa masu walda gwiwa gaba ɗaya. Akwai jiragen da gangar jikinsu bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda, kamar Piper J-3 Cub da ƙanensa Super Cub. Ƙarfen 4130 ake amfani da shi. Abin da ke riƙe inji a hancin jirgi ma yawanci irin wannan bututun ne. Ko na yi ƙarya?

Baba_Injiniya:
Ba ka yi ƙarya ba, Mai Walda. Amma ka gaya masa sauran. Bangon bututun nan siriri ne, wani 0.035 na inci, don haka da waldar gas ko TIG (waldar lantarki mai siririyar wuta) ake yi, ba da sandar waldar gate ba. Kuma in bututu ya lalace ba a haɗa baki da baki a liƙe. Ana zura wani a ciki ko a sa masa riga ta waje, a yanke bakin a karkace yadda waldar za ta yi tsawo. Su waɗannan jiragen tsatsarsu daga ciki take cin su, musamman bututan ƙasa na wajen wutsiya inda ruwa ke kwanciya. Sai ka ga fenti lafiya lau, ka danna da tsinken ƙarfe ya shige.

Zainab_B1:
Malam Sani, bari in amsa ainihin tambayarka kafin su Baba su kai mu ajin walda. Ya danganta da hukumar jiragen sama ta ƙasar da za ka yi aiki, amma kusan ko'ina akwai hanya biyu, ta makaranta da ta koyo a wurin aiki, kuma duka biyun a jarrabawa suke ƙarewa. A tsarin EASA, hukumar jiragen sama ta Turai, lasisin yana ƙarƙashin dokar da ake kira Part-66. Akwai rukunin B3, na jirage masu injin fistan marasa matsin iska a ciki, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 2,000 ba. In ba ka yi wata makaranta ba, shekara 3 ake nema ta aiki a kan jirage. In ka gama makarantar da aka amince da ita, shekara 1. Kowane darasi sai ka ci kashi 75 cikin 100, kuma darussan sun haɗa da lissafi da kimiyya da doka.

Kabiru_AandP:
Na Amurka kuma haka yake: FAA, hukumar jiragen samansu, na ba da lasisi mai reshe biyu, na jiki da na inji. Mutum zai iya ɗaukar na jiki kaɗai, wanda shi ne Sani ke so. In ta hanyar aiki ne, wata 18 don reshe ɗaya, wata 30 don duka biyu, da shaida a rubuce. Sai jarrabawa iri uku: ta rubutu, ta baki, ta aikin hannu. Makarantun suna ƙarƙashin dokar da ake kira Part 147. A da sai an cika awa 1,900 don rassa biyun, a 2022 aka sauya dokar, aka koma duba abin da ɗalibi ya iya maimakon ƙirga awanni. Shawarata dai, ko da jikin kake so, ka ɗauki duka biyun. Ƙaramar rumfa ba ta iya ɗaukar mutum don faci kawai.

Nura_Tsari:
A ƙara da Kanada. Su suna da lasisi na musamman ga masu gyaran jiki zalla, ana ce masa AME (injiniyan kula da jirgi) mai harafin S. Wato akwai inda wannan fannin sana'a ce mai zaman kanta, ba reshen makanikanci ba.

Garba_Tsohon_Hannu:
Ni fa duk wannan lissafin watanni da shekaru bai dame ni ba. Na ga yara da yawa sun fito daga makaranta da takarda mai kyau, ka miƙa musu bindigar ribit sai hannu ya kama rawa. Suna iya karanto maka lambar doka, amma su huda rami a miƙe ya gagara. Sani ya riga ya san yadda ƙarfe ke amsa duka. Ya samu maigida nagari ya bi shi, ya fi masa zaman aji.

Zainab_B1:
Baba Garba, in ya samu nagari. In kuma ya faɗa hannun wanda shi ma a gurguje ya koya fa? Zai kwashi kurakuransa duka yana zaton su ne daidai, kuma babu mai gaya masa. Makaranta ba ta ba ka hannu, na yarda, amma tana gaya maka dalilin kowane abu. Misali ɗaya: me ya sa ba a zana layi da fensir a kan alminiyam ɗin jirgi? Saboda bakin fensir kabon ne, in ya haɗu da danshi yana sa alminiyam ya fara rubewa a bin layin. Ko ƙusar zane, ita ma an hana sai a layin da za a yanke, don tana karce siririn rufin alminiyam tsantsa da ke kare fatar. Wanda ya koya da ido kawai zai ga maigidansa na amfani da alƙalamin tawada da ake kira maka, ba zai san me ya sa ba, ranar da maka ta ƙare sai ya ɗauki fensir.

Garba_Tsohon_Hannu:
'Yata, ni da ban yi doguwar makaranta ba ai na san wannan. Maigidana ya gaya min, da tsawa ma.

Dalibi_Musa:
Ni ina cikin makarantar yanzu, bari in ba Yaya Sani ɗanɗanon abin da zai tarar. Ribit ɗin da aka fi amfani da shi iri biyu ne: AN470 mai kai a waje, da AN426 mai kan da ke nutsewa ya yi daidai da fata. Na gama-gari shi ne mai alamar AD, za ka gane shi da ɗan ɗigon rami a tsakiyar kansa. Komai da faɗin ribit ɗin ake auna shi. Daga tsakiyar rami zuwa bakin faranti kada ya gaza ninki 2 na faɗinsa. Tsakanin ribit da ribit kada ya gaza ninki 3. Tsawon da zai leƙo ta baya kafin a buga, ninki ɗaya da rabi. Bayan an buga, kan da ya fito ta baya ya zama faɗinsa ninki ɗaya da rabi, tsayinsa rabi. Ribit mai 1/8 na inci da bakin huda mai lamba 30 ake yi masa rami, mai 3/32 kuma lamba 40. Malaminmu da ma'auni yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karkace ko ya tsage, sai ya zagaye shi da jan maka, ka cire ka sake. Cirewar ta fi bugawar wuya, don in ramin ya faɗaɗa ka shiga wata matsalar.

Sani_Fanalbita:
Tabɗi. Wato kowace ƙusa da lissafinta. Wa ke zama ya auna duk wannan a aikin gaske? Ba don jarrabawa kawai ake yi ba?

Baba_Injiniya:
Ɗana, wannan tambayar ce ta sa zan ba ka labarin da kusan kowane ajin gyaran jiki ake bayarwa. A 1978 wani Boeing 747 na kamfanin Japan Airlines ya bugi ƙasa da wutsiya wajen sauka a Osaka. Bangon baya da ke riƙe matsin iskar cikin jirgin ya lalace, aka gyara. Tsarin gyaran ya ce a sa farantin haɗi guda ɗaya yadda layi biyu na ribit za su riƙe mahaɗar. Masu aikin suka raba farantin gida biyu don ya shiga, sai wani sashe ya zama layi ɗaya ne ke riƙe da shi. Daga waje ba ka ganin bambanci. Jirgin ya ci gaba da tashi shekara bakwai, sawu sama da 12,000, tsaga na tafiya a hankali daga rami zuwa rami. Ranar 12 ga Agusta 1985 bangon ya fashe, ya tafi da yawancin wutsiyar da bututan man da ake sarrafa jirgin da su. Mutum 524 ne a ciki, 4 suka rayu.

Irin haka ta faru da jirgin China Airlines a 2002, mutum 225 suka rasu. Shi ma wutsiya ya buga a 1980, aka ɗora faci a kan fatar da ta kakkarce ba tare da an yanke ta an cire ba. Shekara 22 facin na rufe da tsagar.

Shakku_Dai:
Allah ya kyauta. Amma Baba, waɗannan manyan jirage ne da ake hura wa iska a ciki, kullum suna kumbura suna saki. Sani ƙaramin jirgi ya ce. Cessna da ke yawo ƙasa-ƙasa ba ta da wannan matsin. Kar mu tsorata mutum da abin da bai shafe shi ba.

Kyaftin_Bello:
Malam Shakku, ni ne ke zama a cikin ƙananan, kuma ya shafe ni. Ranar 4 ga Afrilu 2018 a Daytona Beach ta jihar Florida, wani Piper Arrow na makarantar koyon tuƙi ya tashi, fiffikensa na hagu ya cire a sama. Ɗalibi da mai jarraba shi duka suka rasu. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce, tsaga ta faro daga ramin noti a ƙashin fiffiken, inda yake haɗe da gangar jiki. Jirgin ya sauka sama da sau 33,000, don aikin koyarwa tashi da sauka ne ba hutawa. Daga baya FAA ta wajabta a duba waɗannan ramukan da na'urar lantarki a irin jiragen da suka sha aiki. A watan Mayun 2019 kuma wata Cessna 210 ta rasa fiffike kusa da Mount Isa a Ostareliya. Ɗan ramin rubewa ne a ƙashin da ya ratsa rufin jirgin, daga nan tsaga ta tashi. Babu matsin iska a ko ɗaya. Iska mai kaɗawa da sauka mai ƙarfi sun isa su gajiyar da ƙarfe.

Kuma ni in na zagaya jirgi kafin tashi, fenti kawai nake gani. Abin da ke ƙarƙashinsa, sa hannun wani nake dogara da shi.

Shakku_Dai:
Waɗannan biyun ai ba gyara ne ya lalace ba, tsufa ne.

Nura_Tsari:
Haka ne, amma wa zai gano tsufan? Rabin aikin mai gyaran jiki dubawa ne. Tocila da madubi da gilashin ƙara girma. Ruwan rini mai shiga tsaga ya fito da ita fili. Sanin cewa baƙin gari-gari da ke bin bayan kan ribit alama ce ta ya saki yana motsi. Sanin cewa fenti da ya yi ƙuraje, ko farin gari a mahaɗar faranti biyu, rubewa ce. Cessna 172 tun 1956 ake sayar da ita, an ƙera sama da 44,000, kuma da yawa daga na shekarun 1960 da 1970 har yau suna tashi. Wanda zai shiga wannan sana'ar ya sani tsofaffin jirage ne za su fi zuwa hannunsa.

Dan_Hanga:
Ku gaya masa maganar dutsen guga mana, ya san har aikin tela zai yi.

Sani_Fanalbita:
Dutsen guga kuma? Zolaya ce ko?

Mai_Walda77:
Wallahi ba zolaya. Jiragen bututun da na ambata, yadi ake lulluɓe su da shi. A da auduga ce ko lilin, yanzu foliyesta, irin Ceconite da Poly-Fiber. Ana manna shi da gam, a bi shi da dutsen guga da aka auna zafinsa mataki-mataki har digiri 350 a ma'aunin Faranhait, wajen 177 ke nan a Salsiyos, sai ya ɗame kamar fatar ganga. In zafin ya wuce, yadin ya saki har abada. Shi ya sa aka hana bindigar zafi, ba ka san adadin zafin da take bayarwa ba. Daga nan a ɗinke yadin a jikin haƙarƙarin fiffike da doguwar allura da ƙulli na musamman, a shafa ruwan da ke da garin alminiyam don rana kar ta cinye shi. Akwai kuma masu ƙashin fiffike na katako, itacen Sitka spruce, nan kuma kafinta za ka koma.

Malama_Hadiza:
Na daɗe ina karantawa, kowa na maganar jiya. Malam Sani, in yau za ka fara, kar ka tsallake faiba. Cirrus SR22 da Diamond DA40, waɗanda makarantun tuƙi da masu jiragen kansu ke saye sosai yanzu, jikinsu zaren gilashi ne da na kabon da aka daskarar da gam. Nan duk abin da Musa ya lissafa na ribit ba ya aiki. Alminiyam in ya bugu yana lotsewa ka gani. Faiba tana iya komawa daidai a waje alhali a ciki shimfiɗun sun rabu. Muna ƙwanƙwasa wurin da tsaba ko ƙaramar guduma muna saurare: lafiyayyen wuri na amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya rabu kuma sautinsa a dushe.

Gyaran kuwa, ana goge wurin a gangare a hankali har kowace shimfiɗa ta bayyana, a mayar da sababbi ɗaya bayan ɗaya, kowace zarenta na fuskantar inda na asali ya fuskanta. Ka juya ɗaya, ƙarfin ya tafi wani gefen. Gam ɗin da sikeli ake auna haɗinsa, yana da ranar lalacewa, kuma zafi da danshin ɗakin duk sai an rubuta. A rufe da leda a zuƙe iska, a gasa na awannin da littafi ya ce. Abin da ya sa nake goyon bayan Zainab a maganar makaranta shi ne, gyaran faiba mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya bayan fenti. Babu ma'aunin da za ka ɗora daga baya kamar na ribit. Sai dai a bi matakan daidai tun farko.

Af, kuma a nan ne hannunka na mai fenti zai yi maka rana, Malam Sani. Mai iya goge wuri da lallashi ba tare da ya zarce ba yana da wuyar samu.

Garba_Tsohon_Hannu:
Kun ji ko. Malama da kanta ta dawo kan hannu.

Malama_Hadiza:
Baba Garba, hannu da littafi na ce, kar a yanke min magana rabi.

Ummi_Fatima:
Don Allah in ɗan karkatar da zancen. Ƙanwata na son wannan fannin, ana ta ce mata aikin ƙarfi ne, ba na mata ba. Gaskiya ne?

Zainab_B1:
Anti, ki ce mata ta shiga. Bindigar ribit da iska take aiki, abin da ake so nutsuwa ce da ido. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata ne suka cika masana'antun jirage a Amurka da Ingila suna wannan aikin. Kuma buga ribit aikin mutum biyu ne, ɗaya da bindiga a waje, ɗaya ya zura hannu ciki ya tare da dunƙulen ƙarfe. Mai siririn hannu ita ake nema a shiga lungun wutsiya. Abin da zan ja mata kunne a kai shi ne lafiya. Ƙarar bindigar na kashe ji a hankali, ta riƙa toshe kunne tun ranar farko. Fentin share fage mai ruwan ɗorawa-kore da ruwan da ake wanke alminiyam da shi suna da sinadarin kuromet, wanda ke jawo ciwon daji. Gam ɗin faiba kuma in ya saba taɓa fata, wata rana jiki zai ƙi shi gaba ɗaya. Safar hannu da abin rufe hanci na gaske, ba ƙyalle ba.

Kabiru_AandP:
Tunda an ambaci fenti, Sani, ga wani tarko da ke kama mutanen mota. Sassan da ke motsi a bayan fiffike da wutsiya, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, an daidaita nauyinsu a kan maƙalarsu. Ka ƙara musu fenti mai kauri ko ɗan faci a gefen baya, ma'aunin ya goce, a cikin gudu sai su kama kaɗawa da kansu har su yage. Don haka bayan fenti ko gyara sai an cire su an sake auna su. Wasu kamfanonin ma sun hana a yi musu faci sam.

Sannan ba kai ke ƙirƙiro gyara ba. Littafin kamfanin da ya ƙera jirgin shi ne farko. In bai ce komai ba, akwai kundin FAA mai suna AC 43.13-1B na 1998, wanda aka yarda a bi a sassan da ba su da matsin iska. Kyauta ake sauke shi a intanet. In gyaran babba ne, kamar ƙashin fiffike, a Amurka sai an cike fom 337, kuma mai lasisi na gama-gari ba zai sallami jirgin shi kaɗai ba, sai mai izinin dubawa na musamman ya sa hannu. Ka sauke kundin ka karanta babi na 4, na gyaran ƙarfe. In ka ji yana jan ka, to sana'ar taka ce. In barci ya ɗauke ka, ka sake tunani.

Sani_Fanalbita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da ke ɗan tsorata ni yanzu Turancin littattafan ne da lissafin inci. Mu da milimita muka saba.

Dalibi_Musa:
Yaya Sani, lissafin bai wuce kasafi da ɗigo ba, sai ɗan lissafin lanƙwasa, wato nawa faranti zai ci in ka naɗe shi. Akwai jadawali, ba haddacewa ake yi ba. Turancin ne dai babu makawa, don da shi za ka karanta umarni, da shi za ka rubuta abin da ka yi a kundin jirgi. Amma kalmomin maimaita kansu suke yi, in ka saba shi ke nan.

Baba_Injiniya:
Akwai darasin da ba a cika koyarwa da kyau ba, a aji ko a rumfa. Wata rana mai jirgi zai tsaya a kanka, yana da tafiya gobe, ka buɗe ka ga rubewa ta ci ƙashi fiye da iyakar da littafi ya yarda. Zai ce maka shekara nawa yana tashi a haka. Wani lokacin maigidanka ma zai kau da kai. Sunanka da lambar lasisinka ne za su zauna a kundin nan muddin jirgin na raye. Na taɓa aiki a wata rumfa inda aka daina gaishe ni na wani lokaci saboda na ƙi sallamar jirgi. Wanda ya koya a hannun mutum ɗaya kuma abincinsa na hannun wannan mutumin, faɗin "a'a" na yi masa nauyi. Wannan ne kaɗai dalilin da zai sa in ce Sani ya nemi takardar kansa, ko ta wace hanya.

Garba_Tsohon_Hannu:
Takarda ba ta ba mutum zuciya, Injiniya. Na ga masu lasisi sun sa hannu a kan abin da ba su ko buɗe ba.

Baba_Injiniya:
Na gan su ni ma, Malam Garba.

Shakku_Dai:
To wai a ƙarshe makaranta ko maigida? Mutum ya yi tambaya ɗaya an ba shi yadi da dutsen guga.

Nura_Tsari:
Ya fara tambayar hukumar ƙasarsa ko tana ƙirga watannin koyo a rumfa, da irin rumfar da take yarda da ita. Mutane sun sha yin shekaru suna aiki ba su rubuta komai ba, ranar neman lasisi aka ce su kawo shaida. Duk aikin da ya taɓa, ya rubuta kwanan wata da lambar jirgi da abin da ya yi, mai lasisi ya sa masa hannu a ranar.

Sani_Fanalbita:
Wannan na riƙe. Kafin nan, akwai abin da zan fara gwadawa da hannuna a inda nake? Ina da kwamfaresa da injin huda.

Dalibi_Musa:
Akwai. Kamfanin Van's, masu sayar da jiragen da mutum ke harhaɗawa da kansa, suna da ƙaramin akwatin kayan aiki na gwaji da ake haɗawa da ribit, don masu farawa aka yi shi. Ko ka samu guntayen alminiyam sirara guda biyu, ka ja layi da maka, ka huda, ka goge bakin kowane rami, ka riƙe su da 'yan maƙalan kiliko (masu riƙe faranti na ɗan lokaci kafin a buga ribit), ka buga layi ɗaya. Ka lura bindigar ribit daban take da gudumar iska ta gareji, ta garejin dukanta ya yi sauri, za ta ɓata maka faranti.

Malama_Hadiza:
In ka buga, ka ɗauko mana hoto. Na bayan farantin muke so, Malam Sani, ba na gaba ba.

Dan_Hanga:
Kuma kar mu ga fila a jiki.

Mai_Walda77:
Musa, ka ce ninki 2 daga baki. Na mai nutsewa fa? Mu ninki 2 da rabi aka koya mana.

Dalibi_Musa:
Haka ne Yaya, 2 da rabi ga AN426. Amma shi da mai kai a waje zai fara, ba a ba sabon shiga mai nutsewa a faranti siriri, sai ya koyi lotsa bakin rami tukuna.